Yadda ake zaɓen kajin ƙwai masu ƙaramin jiki don kiwon tsakar gida a Jos

Magidancin da ke da ɗan lungu a tsakar gidansa, a Anguwar Rogo ne ko Rikkos ko Bukuru, yana son ƙwan shayin safe ba sai an aiki yaro shago ba, kaji huɗu zuwa takwas sun ishe shi. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen irin kazar. Wani ya kwaso manyan kaji masu cin buhu kamar ana zuba shi a rami, wani kuma ya ji an ce "ƙananan kaji" ya sayo na ado waɗanda ƙwansu bai kai ya rufe tafin hannun yaro ba. Kazar da ta dace da ƙaramin wuri ita ce mai nauyin kilo 1.6 zuwa 2 idan ta girma, wadda abin da ta ci ke komawa ƙwai ba tsoka ba, mai haƙurin zama a killace. Ga yadda ake kaiwa gare ta.

Fara da awon wuri, ba da sunan kaza ba

Ɗauko tef ka auna inda za ka ajiye su. A cikin akurki, kowace kaza tana son wajen ƙafa 2 a tsaye da 2 a kwance. A farfajiyar da za su riƙa fita shan iska kuwa, ka ba kowace ninki biyu da rabi na wannan. Kaji shida ke nan za su zauna lafiya a akurki mai ƙafa 4 da 6, da farfajiyar raga mai ƙafa 6 da 10. Idan babu wurin farfajiya sam, sai ka rage yawan kajin zuwa huɗu a wannan akurkin. Gidajen gona suna cusa fiye da haka, amma su suna da ma'aikaci mai juya shimfiɗa kullum, kuma ba a jikin tagar ɗakin kwanan kowa suke ba. Cunkoso ne uban wari, da saran juna, da rigima da maƙwabta.

Daga nan sai ka ƙirga ƙwan da gidan ke ci a mako. Kazar ƙwai ta gidan gona, a lokacin da take ganiyarta, tana ba da 5 zuwa 6 a mako. Gidan da ke cin kiret guda, wato ƙwai 30, a mako, kaji shida yake buƙata. Mai cin rabin kiret uku sun ishe shi, sai dai gara huɗu, domin kaza dabbar garke ce, kuma idan ɗaya ta mutu kada a bar biyu su kaɗai. Zakara ba ya cikin lissafin. Kaza tana saka ƙwanta ko da zakara ko babu. Aikinsa kawai shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. A ƙaramin gida ba abin da zai ƙara sai cin abinci da carar asuba.

Lissafin buhu

Kafin a shiga sunaye, akwai lissafi guda da ke raba gardama. Buhun abincin kaji kilo 25 ne. Jar kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Shida za su ci kusan giram 700, buhu ya kai su kwana 35 ko 36. A cikin waɗannan kwanaki, idan suna ba da biyar a rana, ka tara wajen ƙwai 180, kiret shida. Kaza mai babban jiki, irin ta nama da ƙwai, tana cin giram 130 zuwa 140, buhu ya ƙare a wata guda, ƙwan kuma bai fi uku a rana ba daga kaji shida: kiret uku. Farashin abinci da na ƙwai kullum cikin motsi suke, don haka kai da kanka ka raba kuɗin buhu da yawan kiret ɗin da zai fitar, ka gwada da farashin kiret a unguwarku. Duk kazar da aka yi maka tallarta, wannan tambayar za ka yi mata: kiret nawa take fitarwa daga buhu ɗaya?

Jajayen kajin gidan gona

Su ne aka fi samu a Jos, kuma ga mafi yawan mutane su ne amsar. ISA Brown, wadda aka samar a Faransa a 1978, da Lohmann Brown ta Jamus, da Hy-Line Brown ta Amurka, duk kusan abu ɗaya ne ga mai kiwon gida: nauyi kilo 1.9 zuwa 2, fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, ƙwai wajen 300 a shekarar farko idan an cika musu sharuɗɗansu, kowane ƙwai kusan giram 60 mai ɓawo ruwan ƙasa irin wanda kasuwa ta saba da shi. Suna da sanyin hali, ba sa tashi sama sosai, yara ma suna iya kama su. Ba kasafai suke kwanci ba, wanda alheri ne ga mai neman ƙwai, domin kazar da ta kwanta ta daina saka ke nan na makonni.

Sanyin Jos yana yi musu daɗi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma zafin da ke karya kajin ƙwai a Abuja ko Lakwaja a watan Maris da Afrilu, har ka ga sun buɗe baki suna haki sun ƙi cin abinci, a nan da sauƙi. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidajen kaji suka yi yawa a kewayen Jos da Bukuru da Vom.

Aibinsu shi ne ba su san yafiya ba. Kazar da ke fitar da ƙwai kusan kullum ba ta da ajiya a jikinta. Ka bar ta yini guda ba ruwa, ko ka cika mata abinci da dusa na mako ɗaya, ƙwai zai faɗi, kuma sai ya ɗauki makonni biyu ko fiye kafin ya dawo. Sannan ba irin da ake riƙewa ba ne. Haɗe-haɗe ne da kamfani ya yi daga iyaye na musamman. Idan ka sa musu zakara ka ƙyanƙyashe ƙwansu, 'ya'yan ba za su yi kamar uwar ba. Duk zagaye sai ka sake saye.

Shika Brown tana cikin wannan sahu amma 'yar gida ce. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta samar da ita bayan shekaru ana zaɓe a yanayin Arewa. Jikinta bai kai na ISA cika ba, ƙwanta ya ɗan gaza nasu a yawa, amma ta fi jure zafi da ɗan sakaci. Ga mai kaji shida, bambancin ƙwai ashirin ko talatin a shekara ba abin tayar da hankali ba ne, juriya ta fi shi daraja. Wahalarta samu: ba kullum take hannun dillalai ba, sau da yawa sai an yi oda an jira. Kuma ka kula, duk jar kaza ana iya kiranta Shika Brown a bakin kasuwa. In ba a nuna maka daga inda ta fito ba, ɗauke ta a matsayin jar kaza kawai.

Baƙaƙe da farare

Baƙaƙen kajin ƙwai, irin su Bovans Nera da Harco, sun ɗan fi jajaye nauyi, suna haura kilo 2, suna kuma ɗan fi ci. A madadin haka gashinsu ya fi kauri, sun fi jure fita waje da damina, kuma idan sun gama ƙwai sun fi tsada a hannun masu sayen nama. Wanda ke da farfajiya mai ɗan faɗi, suna da kyau. Wanda wurinsa a matse yake, jajaye sun fi.

Farar Leghorn, wadda asalinta Italiya ne, a takarda ita ce sarauniyar ƙananan kajin ƙwai: kilo 1.6 zuwa 1.8, ci wajen giram 100 zuwa 105, ƙwai kuma ba ta bar wa jajaye komai ba. Amma tana da firgita. Ƙarar faɗuwar kwano ta isa ta sa su yi ta dukan raga, kuma katangar da ba ta da rufi ba ta tsare su. Ƙwanta fari ne. A ci a gida ba shi da bambanci da ja ko kaɗan, sai dai idan za ka sayar da rara, mai shayi da mai shago sun fi sabawa da ja. Ba ta kuma yawaita a kasuwarmu. Gidan da ke da yara masu guje-guje a tsakar gida, a haƙura da ita. Fayoumi ta Masar ta fi ta ƙanƙanta, tana da juriyar cuta, amma ƙwanta ƙanana ne, ba su kai na Leghorn yawa ba, tashinta kuwa sai ka ce zabuwa.

Waɗanda ake yawan ruɗuwa da su

Noiler, ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo, ta cika gari, kuma kaza ce mai kyau a inda ta dace. An yi ta ne don nama da ƙwai tare, ta yi kiwo a fili ta ci ragowar abinci. Macen tana kai kilo 2.5 ko fiye, ƙwanta tsakanin 150 da 200 a shekara. A ƙauye mai fili ta biya. A akurki mai ƙafa 4 da 6, inda duk ƙwayar da za ta ci sai an saya, ita ce ta kiret ukun nan na lissafin baya. Idan kuma aka sake mata abinci ba awo sai ta yi kitse, ƙwan ya ƙara raguwa. FUNAAB Alpha, wadda Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta samar aka yi mata rajista a 2018, da Sasso da Kuroiler, duk wannan hukuncin ya hau kansu: kajin fili ne, ba na lungu ba.

Kajin Hausa su ne ƙanana na gaske, kilo 1 zuwa 1.3, kuma babu mai juriyarsu. Amma ƙwai 40 zuwa 60 suke yi a shekara, domin kaza tana saka goma sha biyu ko sha biyar sai ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno, sannan ta dawo. Idan ana kwashe ƙwan kullum ana ba ta abinci mai kyau takan ƙara, amma ba za ta kusanci ja ba. A killace kuma ba ta sakewa. Amfaninta a ƙaramin garke guda ne: uwa. Mai son ƙyanƙyasar ƙwan zabi ko na wasu kaji, ya ajiye ɗaya.

Sai kajin ado, Silkie mai gashi kamar auduga da 'yan uwanta da ake tallarsu a Facebook da WhatsApp da tsada. Wurin da suke ci kaɗan ne, abinci ma haka. Ƙwansu giram 30 zuwa 40, sai ka fasa biyu kafin ka samu na ja ɗaya, Silkie ba ta wuce 100 zuwa 120 a shekara, kwanci kuma sana'arta ce. Gashinta ba ya tare ruwa, ga ruwan Yuli da Agusta na Jos. Wanda yake sha'awa ya saya don sha'awa, kada ya sa su a lissafin karin kumallo.

Kada a gauraya iri a ƙaramin wuri, musamman manya da ƙanana. Manyan za su tare bakin abinci. Iri ɗaya, sa'anni ɗaya, daga wuri ɗaya.

'Yan tsaki ko sagaru?

'Yan tsakin kwana ɗaya sun fi araha, amma a kwali mai 50 ake kawo su, sai dai ku haɗu ku raba ko ka saya a hannun mai sayar da ɗai-ɗai. Suna son ɗumi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa da biyu ko uku duk mako har su yi gashi a mako na biyar ko shida. A hunturun Jos, Disamba da Janairu, wannan aikin tashin dare ne da gawayi ko fitila, kuma nan ne sabon shiga yake asara: su taru a lungu saboda sanyi su danne juna, ko hayaƙin gawayi ya shaƙe su a ɗakin da aka toshe ko'ina. Kowace za ta ci kilo 6 zuwa 7 kafin ta ba ka ƙwan farko. Ga kuma rigakafi, wanda kwalbarsa ta kaji ɗari ce ko fiye, kai kuwa shida gare ka.

Idan duk da haka 'yan tsaki kake so, launi zai taimake ka kada a haɗa ka da zakaru. A jajayen iri, mata ja-ja ne, maza farare ko ruwan ɗorawa mai haske. A baƙaƙen iri, namiji yana da ɗigon fari a tsakiyar ka, mace kanta baƙi ne wul. Noiler ba a gane ta da launi.

Ga mai ƙaramin garke, sagaru 'yan mako 14 zuwa 17 sun fi. An gama wahalar ɗumi, an gama yawancin allurai, saura makonni kaɗan su fara. Kuɗinsu ya fi, amma idan ka haɗa abincin wata huɗu da gawayi da magani da waɗanda za su mutu, ratar ba ta da yawa. Ka saya a gonar da ta rene su, ba a kejin kasuwa ba, inda kajin gari goma suke shaƙar numfashin juna. Ka nemi ganin takardar rigakafi: ta cutar Gumboro sau biyu a watan farko, ta annobar Nukasil (Newcastle) tun suna ƙanana da maimaici, ta ƙurajen kaji wajen mako na shida zuwa takwas, da allurar Komarov, wadda ita ma ta Nukasil ce. Mai gonar da ya kasa gaya maka ranar da aka ƙyanƙyashe su da sunan kamfanin da ya ƙyanƙyashe, wuce gaba.

Duba kaza a hannu

Nan ne kuɗi ke ɓata ko ya tsira, don haka kada a yi gaggawa. Zambar da aka fi yi ita ce a sayar maka da tsohuwar kazar da ta gama zagayenta a matsayin sagara, ko 'yar mako 11 a ce maka jibi za ta fara.

Je da ɗan sikelin rataye da jaka. Jar sagara 'yar mako 16 tana auna wajen kilo 1.3 zuwa 1.4, 'yar mako 18 wajen 1.5. Wadda aka ce mako 17 gare ta amma kilo 1 take, ko dai an ƙara mata shekaru ko an yi mata rowar abinci, kuma duka biyun jinkiri ne a kanka. Auna dukkan waɗanda za ka ɗauka, su zama kusan kai ɗaya.

Dubi ƙwauri da baki. Na sagarar da ba ta fara ba rawaya ne sosai, ƙwaurin sumul. Kazar da ta daɗe tana ƙwai, wannan rawayar tana zarcewa cikin gwaiduwa, sai ƙafar ta koɗe ta yi fari-fari, ɓawonta ya yi kaushi, farata su yi tsawo. Gashin sagara a kwance yake yana sheƙi. Na tsohuwa a kakkarye, wuya da baya sun sha sara.

Zankon kai yana gaya maka saura kwana nawa. Ƙarami, mai launin hoda, da saura. Idan ya fara kumbura yana ja yana laushi, mako ɗaya ko biyu ya rage. Babba wanda ya yamutse ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, wannan ta yi ta gama.

Sannan juya ta ka laluba ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen dubura. A sagara, yatsa ɗaya ne ke shiga tsakaninsu, duburar ƙarama ce a bushe. Idan biyu suka shiga, tana bakin farawa. Uku, da dubura mai faɗi da laima, tana cikin ƙwai. Wadda ke da koɗaɗɗiyar ƙafa ga kuma ƙasusuwan sun matse sun yi tauri, ta daina, tukunya ce makomarta. Tun kana riƙe da ita, buɗe gashin gindi da ƙarƙashin fiffike ka nemi ƙwarƙwata. Shafa ƙirji: ƙashin tsakiya ya kasance da tsoka gefe da gefe, ba ya fito kamar wuƙa ba. Kai kunnenka kusa da bayanta, kada ka ji kurarin numfashi. Ido garau, hanci a bushe, gindi ba kashi manne. Ka kuma kalli sauran garken, ba naka kaɗai ba. Idan akwai masu rakuɓewa da saukakkun fukafukai, ko koren zawo, ko mai murɗaɗɗen wuya, kada ka ɗauki ko ɗaya, kuma ka wanke takalminka kafin ka shiga gida.

Yawancin sagarun gona an datse musu baki. Datsa kaɗan ba laifi, tana rage sara. Wadda aka yanke wa har kusa da hanci ko aka bar na ƙasa ya zarce sosai, za ta sha wahalar ci, bar ta.

Makonni biyun farko

A ɗauko su da sassafe ko da yamma, cikin kwando ko kwali mai ramuka, ba a ɗaure ƙafa a rataya a babur ba. Akurki ya zama a shirye: shimfiɗar ɓarɓashin katako mai kaurin santimita 8 zuwa 10, wanda ake samu wajen masu yankan katako a Kasuwar Katako, kuma mai ɗan girma ya fi garin nan mai laushi da ke shiga hanci, sandar kwana mai tsayin ƙafa biyu daga ƙasa, kowace kaza da wajen taƙi ɗaya, gurbin ƙwai mai ƙafa ɗaya ta ko'ina, ɗaya ga kaji huɗu, a gefen da ya fi duhu. Ruwa za a fara ba su, da sinadarin bitamin na kwana uku, abinci bayan awa ɗaya ko biyu. Idan da wasu kaji a gidan, sababbin su yi mako biyu a ware.

Tambayi irin abincin da suke ci a gonar ka ci gaba da shi. Canji a yi shi cikin mako guda: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu sabo, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku, sannan sabo zalla. Daga abincin masu tasowa zuwa na masu ƙwai ana komawa ne wajen mako na 17 ko 18, ko da ganin ƙwan farko. Na masu ƙwai yana da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4, wanda ya yi wa ƙaramar sagara yawa, yana iya taɓa mata ƙoda idan aka fara da wuri sosai. Auna gwangwanin da za ka riƙa ɗiba da shi sau ɗaya a sikeli, ka san giram nawa yake ɗauka, ka huta.

Ruwa ninki biyu na abinci suke sha, kusan rubu'in lita kowace, fiye da haka a bazara. Kaji shida, mazubi mai lita uku, a wanke kullum.

Abin da ke hana kaza mai kyau yin ƙwai

Na farko dusa. Ana ganin tsadar buhu sai a ce bari a ƙara masa auki da dusar masara da ragowar tuwo. Ƙwai furotin ne da kalsiyam, ɓawo ɗaya yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam, dusa kuwa ba ta da ko ɗaya da yawa. Sakamakon shi ne ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi laushi, kaji su fara fasa nasu suna sha, wasu ƙafarsu ta riƙe. Ganye da ragowar kicin kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci, kuma da yamma, bayan sun ci na ainihi. Ajiye ɗan kasko na dakakken ƙashi ko ɓawon kawa a gefe.

Na biyu haske. Kaza tana son awa 14 zuwa 16 na haske don ta yi ƙwai sosai, ranar Jos kuwa tana yawo ne a kusa da awa 12 duk shekara. Ƙwan fitila ɗaya mai aiki da sola, daga magariba zuwa ƙarfe tara na dare, ya cike giɓin. Sharuɗɗa biyu ne. Kada a fara kafin su kai mako 17 da nauyin kilo 1.4 zuwa 1.5, kuma a ƙara rabin awa duk mako. Sagarar da aka tilasta wa ƙwai jikinta bai gama buɗewa ba, duburarta ce ke fitowa, sauran su sare ta har lahira. Kuma idan an fara a ɗore. Yau akwai gobe babu ya fi rashinsa illa.

Hunturu ba ya kashe babbar kaza da sanyi, iska mai bugun ta kai tsaye ce matsala. A rufe gefen gabas da arewa da buhu ko tampol, a bar sama a buɗe. Masu toshe ko'ina su ne ke tashi da kaji masu tari, domin warin kashi ya taru ya ƙone musu hanyar numfashi. Idan ka shiga idonka ya yi yaji, nasu ya daɗe yana yi. A wannan lokaci cinsu yana ƙaruwa da ɗan giram biyar zuwa goma, a ba su. Shi ne kuma lokacin da Nukasil ke share kajin unguwa, don haka a maimaita rigakafi kafin Nuwamba, sannan duk wata uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, NVRI, da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, tana yin rigakafin Nukasil, irin su Lasota da kuma I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Tunda kwalba ta fi ƙarfin garke ɗaya, kuma idan an haɗa ta da ruwa ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu, ku sa rana da maƙwabta masu kaji a yi gaba ɗaya.

Damina matsalarta jiƙewar shimfiɗa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke kawo kashin jini da tsutsar ciki. Rufin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu, daɓe ya ɗara ƙasa tsayi, a kwashe duk inda ya dunƙule a zuba sabo. Damƙi shimfiɗar a hannu: idan ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ta jiƙe. Raga kuma ta zama mai ƙananan ido wadda ɓera ba ya ratsawa, a binne gindinta taƙi ɗaya saboda gafiya, a rufe saman farfajiya saboda shaho da kuma tsuntsayen daji masu yaɗa murar tsuntsaye. Kaji biyu ko uku suka mutu farat ɗaya da zanko ya yi shuɗi, kada a yanka sauran a ci ko a sayar, a kira likitan dabbobi. Duk maganin da aka ba mai ƙwai, a karanta kwanakin da aka ce a dakata da cin ƙwan.

Sauya garke

Jajaye da baƙaƙe suna kai ƙololuwa wajen mako na 26 zuwa 30, daga nan su riƙa sauka a hankali. Bayan mako 75 zuwa 80, wato kusan shekara da wata biyu da fara ƙwai, shida za su koma ba da uku ko huɗu a rana, ƙwan ya ƙara girma ɓawon ya ƙara rauni. A gida ana iya riƙe su shekara ta biyu, amma a koma ga lissafin buhu: ranar da kuɗin buhu ya kamo kuɗin kiret ɗin da yake fitarwa, lokaci ya yi. A daidaita fitar da su da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da tsohuwar kazar ƙwai take da daraja a Jos. A yi odar sababbin sagaru wata biyu kafin nan. Bayan tsofaffin sun fita, a kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, masu lambun kayan miya da dankali suna sayenta, a wanke akurki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi mako biyu babu kaza kafin sababbin su shiga.